An Naɗa Shi Sarki Kafin Ya Sami Lasin

Mutanen Italiya sun daɗe suna fama da yunwa, kuma taliya ba ta maganinta. Rabon da ɗan ƙasarsu ya zama zakaran duniya a tseren motoci na Formula 1 tun Alberto Ascari a 1953. Ga Ferrari, ga filin Monza, ga maƙogwaron ihu, direban ne kawai babu. Mai irin wannan yunwa ko ƙanzo ya gani sai ya ce tuwon sallah ne.

Ana cikin haka sai ga Kimi Antonelli, ɗan birnin Bologna, haihuwar 2006, wanda kamfanin Mercedes ya ɗauka riƙo tun yana ɗan ƙaramin yaro. Da Lewis Hamilton, mai kambu bakwai, ya tattara komatsansa daga Mercedes ya nufi Ferrari, sai aka ce ai ga magaji a gida. Nan take maroƙan zamani suka saɓa ganguna. Wannan ya ce shi ne sabon Verstappen, zakaran duniya na lokacin, wancan ya ce Ascari ne ya dawo. Wani abokina, wanda ko keke sai an riƙe masa sirdi, ya dube ni ya ce, "Malam, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta."

To, Juma'ar ta zo. A ƙarshen Agustan 2024, ranar Juma'a kuwa, aka ba yaron aron motar George Russell, direban Mercedes, ya gwada a Monza, a gaban 'yan ƙasarsa. Cikin minti goma ya kai ta ya gaisa da katanga. Washegari Mercedes ta sanar cewa ta ɗauke shi aiki. Ka kwatanta da direban da ka ba mukulli don gwaji, ya dawo maka da sitiyari a hannu, kai kuma ka ce masa ya fara aiki ran Litinin. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, lasin tuƙin mota a kan titi sai a Janairun 2025 ya same shi. An yarda ya yi gudun da ya wuce kilomita 300 a awa, amma aiken cefane da motar gida sai an ga takarda.

Daga nan aka shiga shekarar naɗi da tuɓewa. Ya zo na huɗu a tserensa na farko a Ostireliya, aka ce ai mun faɗa. Ya zo na uku a Kanada a watan Yuni, jaridu suka kusa yi masa rawani, shi kuwa ya koma gida ya zauna jarrabawar kammala sakandare kamar sauran yara. Mako biyu bayan Kanada, a zagayen farko a Ostiriya, ya afka wa motar Verstappen, su duka biyun suka fita daga tseren. Abokin nawa ya bugo mini waya, muryarsa kamar mai zaman makoki: "Ni dama tun farko na san an yi wa yaron nan gaggawa." Na ce, "Ina maganar Laraba?" Ya ce layin ba kyau, ba ya ji na sosai.

Wannan ce sana'ar da babu asara a cikinta. Idan yaro ya ci, kai ka gano shi. Idan ya faɗi, kai ka yi gargaɗi. Ba ka taɓa zama a kujerar da zafi ke gasa mutum ya zubar da kilo biyu na gumi ba, amma daga kan tabarma ka san inda ya kamata ya taka birki.

Masu kamfanonin ma ba su fi 'yan kallo haƙuri ba. Nyck de Vries, tsere goma aka ba shi a 2023 aka sallame shi. Liam Lawson kuwa biyu kacal ya yi wa Red Bull a 2025 aka mai da shi inda ya fito, ko kujerar ba ta gama sanin jikinsa ba. Laifin duk na Hamilton ne da Verstappen: ɗaya ya rasa kambu da maki guda a shekararsa ta farko, 2007, ɗaya ya ci tsere yana ɗan shekara 18. Tun daga nan duk yaron da bai yi abin al'ajabi kafin gemu ya fito masa ba, sai a ce ya tsufa. Magabata sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Mu a tseren mota Lahadi biyu muke jira, ta biyun ma don dole.

Antonelli ya zo na biyu a Brazil a watan Nuwamban 2025, ya gama kakar a matsayi na bakwai. Na zaci abokina zai dawo da kirarinsa na da, ashe ya wuce nan. Ya ce mini ya gano wani yaro ɗan shekara 13 da ke tseren ƙananan motoci, kuma wallahi shi ne sabon Antonelli. Na tambaye shi sunan yaron, ya ce in dakata ya duba waya.