Karfasar Gimbiya

Kyanwar ta Inna ce, amma albashin nawa ne, shi ya sa duk lalurar da ta taso mata ƙofar ɗakina ake bugawa. Sunanta Gimbiya, kuma ta girmi 'yata ta fari, wadda ta gama ƙaramar sakandare bana. Muna zaune a bayan tashar jirgin ƙasa ta Nguru, unguwar da ɓerayenta suka gaji arziki tun da layin dogo ya iso daga Kano a 1930 ana lodin gyaɗa. A zamanin ƙuruciyarta Gimbiya ta hana su sakat. Da sanyin bana kuwa sai ga ɓera ya zo wucewa ta gaban hancinta, har ya tsaya ya yi susa.

Ta daina cin abinci, sai shan ruwa da yawan fitsari. Ta rame har kana ƙirga haƙarƙarinta daga bakin zaure, bakinta na wari yana dalalar da yawu. Inna ta kira ni, ta tuna mini matar nan da hadisi ya ce ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle da yunwa. Tana magana tana kallon aljihuna, ga wata ya yi nisa.

A majalisarmu kowa likita ne. Wani ya ce madara, wani ya ce a daka tafarnuwa a ɗura mata, mai kemis ya ce rabin farasitamol ya isa. Ƙwayar na hannuna ke nan ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa ya bugo waya neman kuɗin kati. Da ya ji abin da nake shiri sai ya manta da katin.

"Kawu, kada ka kuskura! Hantar kyanwa ba ta iya narkar da shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Albasa da tafarnuwa jini suke fasa mata, madara kuma zawo. Kawo ta nan, na san wani likitan dabbobi, ba zai tsawwala ba."

Na huda kwalin taliya, na shimfiɗa tsohon zanen uwargida, na ɗaure da igiya. A tasha direba ya tambayi abin da ke ciki, na ce ɗan saƙo ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya zama abin da ake shawara da iyali kafin a biya, ba zan yarda a caje ni kujera biyu ba. Aka cusa mu huɗu a baya, kusa da ni wata baba da kwandon banda a cinya.

Ba banza aka yi wa mage kirari da mai kwanciyar ɗaukar rai ba. Wadda Inna ta yi wa addu'ar bankwana da asuba, ita ce ta shaƙi ƙamshin kifi daf da Jajimaji, ta zuro hannu ta hudar kwali, ta faɗaɗa ta, ta fito gaba ɗayanta. Baba ta kurma ihu, wani malami a gaba ya kama salati, Gimbiya ta bi ta kan wuyan direba ta dawo ta faɗa kwando tsamo-tsamo. Direba ya gangara gefen titi, ya juyo ya dube ni.

"Malam, saƙon naka ya iso ke nan?"

Baba ta zauna lissafi. Ta ware wanda aka gatsa, da wanda aka lasa, da wanda aka taka, ta ce duk nawa ne. Akwai wata ƙatuwar tarwaɗa da na rantse kallonta kawai kyanwar ta yi. Baba ta ce kallon ma ya rage mata daraja. Na biya. Direba ma ya karɓi kuɗin rabin kujera, wai tunda fasinjar ta bayyana.

Likitan na Gashuwa ya saba da shanu da tumaki da raƙuma. Da na yi sallama sai ya leƙa bayana yana neman rago. Sikelinsa ba ya jin abu mara nauyi irin wannan, don haka ya auna ni rungume da ita, ya sake auna ni ni kaɗai, ya debe. Ya ce ba ta kai kilo uku ba, ni ma in riƙa cin abinci. Ya buɗe bakinta ya nuna mini turmin haƙori da ya ruɓe, dasashi ya kumbura ya yi jawur. Shi ya hana ta tauna, ba ƙoshi ba. Ya yi mata allurar barci ya cire shi. Yawan shan ruwan kuma, ya ce alamar ƙoda ce ta fara gajiya, ciwon da ya fi addabar tsofaffin kyanwoyi. A Gashuwa ba a ambaton ƙoda da wasa, garin ya binne mutane da yawa saboda ita, sai da muka ɗan yi jim. Ya fara maganar gwajin jini da wani abincin gwangwani na musamman da sai an aika Kano, ya dubi takalmina, ya canza magana.

Ga abin da ya yanke: ruwa mai tsabta a kwanuka ko'ina cikin gida, ɗanyen kifi a dafa a cire ƙaya a marmasa da romonsa, ba gishiri, ba dunƙule, ba albasa, a ba ta kaɗan-kaɗan da ɗumi. Banda kuwa, wadda na sayi rabin kwando, ya ce ta yi mata ƙarfi.

Don haka yanzu kowace safiya ina gaban masuntan da ke fitowa daga tafkin Nguru ina cinikin karfasa guda. Sun raɗa mini Angon Gimbiya. Bandar baba muka ci har ta ƙare, muka koma miyar kuka tsurarta. Uwargida ce ke dafa karfasar, tana tsince ƙaya da 'yan yatsu tana magana da tukunya: wai ita da ta haifa wa gidan nan 'ya'ya ba a taɓa cire mata ƙaya ba. Autana ya koyi kukan kyanwa, da an sauke tukunya sai ya rarrafo.

Gimbiya ta murmure, gashinta ya kwanta, har tana hawa katanga shan hantsi. Ɓera dai ta yi ritaya daga harkarsa. Na sayo tarko, na ɗana da ɗan ƙuli-ƙuli, ya kama yatsan auta. Da na kai wa Inna ƙara, sai ta ce tsohuwa ba ta aikin ƙarfi, ta riga ta yi magana da maƙwabta za a kawo 'yar ƙarama ta riƙa taya ta.

"Ita ma karfasar za ta ci?" na tambaya.

"To da a gabanta za a ci a hana ta?"