Zuwa ga Amaryata Mai Malmala Uku

Toronto, Kanada

Hajiya Kaka, amaryata ta kaina,

Auta, ki karanta mata da ƙarfi, ko ta murtuke fuska kada ki tsallake layi ɗaya.

Labari ya iso ni cewa likita ya ce sugan jininki ya hau, ke kuma kin rantse ba kya shan zaƙi, sharri ake miki. To rabin burodin da kike tsomawa a shayi da safe fa? Malmala ukun nan ta tuwon shinkafa da dare, aljanu ke cinyewa? Ni dai ban biya sadaki don a bar ni gwauro ba, saboda haka ki saurari mijinki.

A jami'ar garin nan aka gano insulin a 1921. A nan ne kuma wani likita, David Jenkins, da abokan aikinsa suka fito da ma'aunin saurin hawan suga a 1981. Sai a ba mutum abinci, a riƙa ɗibar ɗigon jininsa har awa biyu, a gwada da tsantsar gulukos da aka ba maki 100. Abin da ya tsaya a 55 zuwa ƙasa, a hankali yake shiga jini. Daga 70 zuwa sama, a guje. Farin burodi yana wajen 75, farar shinkafa ma ta haura 70, alhali ba mai kiransu kayan zaƙi. Wake kuwa, wanda kike cewa abincin almajirai, yana can wajen 30, gyaɗa ta fi shi ƙasa.

Dalilin ma a madafinki yake. Shinkafar da aka dafa ta yi luguf, aka tuƙe ta da muciya, an gama wa ciki aikinsa, sai ta zarce jini kai tsaye. Wutar kara ce, ta tashi fuu ta mutu, ki koma neman na taɓawa. Wake gawayin kirya ne. Ganye, kuɓewa da ɗan nama ko ƙwai su ma suna rage wa abinci gudu.

Ba cewa na yi ki zauna da yunwa ba, wallahi hakan zai fi damuna. Malmala ɗaya ta isa, miya ta fi tuwon yawa. Idan shinkafa da wake za a dafa, wake ya rinjayi shinkafa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya dawo gidan nan, amma ban da barbaɗa suga. Kankana makinta sama yake, sai dai kusan duk ruwa ce, yanka ɗaya ba laifi. Dabino bai kai burodi gudu ba, amma na san ki, ba a ce ki tasa mudu a gaba ba.

Maganin asibiti kuma kullum, a kan lokaci, kada wata ƙawarki ta ce jiƙo ya wadatar. Na tura wa Kawu kuɗin na'urar gwajin suga. Ranar Juma'a zan kira, lamba nake so in ji, ba "da sauƙi" ba. In kika yi gardama, kishiya zan yi miki, Baturiya mai cin ganye safe da yamma.

Ki gaida Gwaggo da Baba Ƙarami. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Angonki,
jikanki na Kanada