Ruwa Ba Sa'an Bagobiri Ba Ne

Bakina ne ya ja mini. Da na yi shiru a rumfar albasa ta kasuwar Mile 12 da ke Legas ranar nan, da yanzu hulata tana kaina. Wani dattijon Bayarabe ne, abokin cinikin yayana, wanda ya tashi a Sabon Garin Kano har Hausarsa ta fi tawa daɗi, ya ce ran Lahadi za su fita shan iska da jirgin ruwansa, amma ban da Bagobiri, don mu ko a baho tsoron nutsewa muke. Kun dai san tsakaninmu da Yarbawa, wasa ne na gado, kuma ba na barin bawana ya kunyata ni a bainar jama'a. Na gyara zama na ce, "Baba, ni ɗin nan a bakin ruwa aka binne cibiyata. Je ka Goronyo ka tambaya."

Tsakanina da ku, sau ɗaya na taɓa zuwa madatsar Goronyo, muna firamare, kuma malaminmu bai bari mun sauko daga mota ba. Gulbin garinmu kuwa da rani ƙwallo yara ke bugawa a cikinsa. Ruwan Legas ma daga saman gadar Third Mainland na san shi, ina leƙensa ta tagar danfo tsawon kilomita 11 da ɗoriya, bakina na motsi da Ayatul Kursiyyu.

Ran Lahadi na ɗauko shaddar salla, babbar riga har da aiki, na kafa Zanna Bukar, na biya Obalende na cika ciki da tsire, na kora da fura. A Falomo na tarar kowa da gajeren wando da silifa. Matuƙi ya miƙo mini rigar nan mai ruwan lemo da ke hana nutsewa, na ce ya ba mata da yara. Ya ce ba zai tayar da inji ba sai na sa. Haka aka ɗaure mini ita a kan babbar riga, na koma kamar damin gero da aka ɗaure a gurguje.

Mashigin Five Cowrie, tsakanin Ikoyi da Victoria Island, ruwansa lumui yake, shi ya yaudare ni. Masu jirage suna ɗaga wa juna hannu, ni kuwa ina amsawa da jinjina kamar hakimi a hawan salla. Na miƙe tsaye ina ba su labarin yadda ake gane kada tun daga nesa. Har matar Baba ta ajiye wayarta tana saurarona. Can muka fito hanyar da manyan jirage ke bi zuwa Apapa, wani ƙato mai ɗauke da kwantenoni ya wuce abinsa, ko kallonmu bai yi ba. Igiyar ruwan da ya bari ta ɗaga mu ta dire, ta sake ɗagawa. A ta farko iska ta tafi da hulata. A ta biyu labarin kada ya yanke. A ta uku tsiren Obalende ya nemi hanyar gida, kuma da yake ban san inda iska ta dosa ba, sai na juya mata fuska. Ba sai na faɗa muku inda furar ta sauka ba. Shadda ce fara.

Da muka kusa Tarkwa Bay, inda ba a zuwa sai ta ruwa, abokan Baba suna jira da jirage biyu. Al'adarsu su ɗaure jiragen gefe da gefe, a riƙa miƙa soyayyen kifi da shinkafa dafa-duka daga wannan zuwa wancan ana hira. Na ga damar wanke kaina ta zo. Na ƙwace igiya daga hannun yaron jirgi, na waina ta kamar mai kamun sa a kara, na wurga. Jifa ya yi kyau, wallahi, har wani ya cafe. Ashe ana fara ɗaure ɗaya bakin a jirginka. Mutumin ya tsaya riƙe da igiyarmu sukutum, mu kuma ruwa na janye mu a hankali, mutum wajen 20 suna kallo.

Saura sauka. Jirgi ya matsa bakin yashi, kowa ya dira. Na dira ni ma, ƙafata ta harɗe da babbar riga, na kifa. Ruwan gishiri ya cika mini baki, na sadakar, na shiga ɗaga murya da kalmar shahada, ina yi wa yayana wasiyyar bashin da nake bin wani a Sabon Birni. Sai na ji an taɓa kafaɗata. Wata yarinya ce da ba ta wuce shekara 6 ba, tsaye kusa da ni, ruwan ko cibiyarta bai kai ba.

Baba bai yi dariya ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya cire hular rana ta matarsa, mai fure a gefe, ya kifa mini a ka, ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Ruwan Gobir, a tashi a ci kifi." Hoton ya riga ni isa Mile 12. Yanzu ko yaran da ke sauke buhu, in na wuce, sai su ajiye kaya su yi mini jinjina.