Mutanen da Ake Tararwa a Wuyan Dutse

Masu tallan yawon buɗe ido suna cewa tsauni yana sauya mutum, wai ka hau da halinka ka sauko da sabo. Maganar mai neman ciniki ce. Bahaushe ya riga ya ce hali zanen dutse, kuma babu inda ya fi dacewa a gwada zancen kamar kan dutsen kansa. Mu ɗauki hanyar da ta kewaye Mont Blanc, tsauni mafi tsawo a jerin tsaunukan Alps. Tafiyar ƙafa ce ta kusan kilomita 170, ta ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan, yawanci a kwana goma ko sha ɗaya, kuma in aka tara hawan da ke cikinta ya kai mita 10,000. Ba ƙololuwa ake hawa ba, ana bi ne ta mashigan da ke tsakanin duwatsu, waɗanda Faransawa ke kira "col", wato wuya. Ɗaya daga cikinsu, Grand Col Ferret, a kan iyakar Italiya da Suwizalan, tsayinsa mita 2,537, ya ɗara Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda babu tsaunin da ya kai shi a Najeriya. A irin wannan wuri numfashi ba ya isar mutum ya yi hawa kuma ya ɓoye halinsa, dole ya saki ɗaya.

Wanda ido ke fara gani shi ne Mai Ƙaura. An gaya masa akwai masaukai a hanya, da gado da bargo da abincin dare, amma bai yarda ba. Ya cusa tukunya da risho, da takalma ƙafa uku, da gwangwanayen kifi, da littafin da ba zai buɗe ba. Jaka ta kere masa kai, in ka hango shi ta baya sai ka ce kayan amarya ne suka yi ƙafa. A gida ma shi ne mai ajiye makullan ƙofofin da aka daɗe da rushewa. Kishiyarsa kuwa Mai Sikeli ne, wanda ya auna komai da giram, har ya datse mariƙin burushin haƙori don rage nauyi, kuma yana da lacca a kan jakar kowa. Sai dai iska takan ƙara sanyi da kusan digiri shida da rabi a duk mita 1,000 da aka hau, wasu shekarun ma ƙanƙara kan kai watan Yuli ba ta narke a mashigan ba. Da an isa sama haƙora sun fara kaɗawa, rigar sanyin wa zai ara? Ta Mai Ƙaura mana, wanda ya wuni yana yi wa dariya. Duk mai alfahari da rashin kaya, ka bincika, akwai wanda ke ɗaukar masa.

Mafi haɗari a cikinsu shi ne Malam Saura Ƙiris. Yana saukowa kana hawa, ka tambaye shi da ɗan numfashin da ya rage maka, sai ya yi murmushi ya ce ai ka ma iso, bayan tudun can ne. Ka kai tudun, ka tarar da wani a bayansa, a bayan wancan kuma akwai yayansu. A ganinsa taimako yake yi, kamar telan da ke cewa gobe a zo a karɓa. Mutanen Suwizalan sun yi ƙoƙarin kashe masa kasuwa, domin allunansu masu ruwan ɗorawa awa da minti suke rubutawa, amma mai gajiya ya fi son ƙarya mai daɗi da allo mai gaskiya.

Sai Ɗan Tsere. Tun 2003 ake gasar gudu a kan wannan hanya a ƙarshen Agusta, ana tashi daga garin Chamonix a komo can, kuma a 2022 Kilian Jornet ɗan Sifaniya ya gama cikin ƙasa da awa 20 abin da sauran jama'a ke yi a kwana goma. Gwanayen ba su dami kowa ba. Matsalar almajiransu ce, masu guntun wando da agogo mai ƙidayar bugun zuciya, waɗanda za su wuce ka kamar an biyo su, sannan bayan awa ɗaya ka same su zaune a kan dutse suna nazarin igiyar takalmi. Kusa da su akwai Mai Hoto, wanda bai ga tsaunin da idonsa ba tukuna, sai ya koma gida ya duba waya. Kada a ce cutar zamani ce. A watan Mayun 1800 Napoliyon ya ƙetare mashigar Grand Saint-Bernard, nan kusa, a kan alfadari wani ɗan ƙauye na jan linzami, amma mai zane Jacques-Louis David ya ɗora shi a kan ingarma ya tashi da ƙafafun gaba, alkyabba na kaɗawa. Mai Hoton yau da ke ajiye jaka, ya share gumi, ya ɗaga sanduna sama, magajin Napoliyon ne.

Za a ce wannan ba adalci ba ne, ai wahala tana haɗa kan mutane, tsauni bai san attajiri da talaka ba. Akwai gaskiya a ciki: hadarin da kan taso da la'asar a lokacin zafi kowa yake jiƙawa, tsawa kuma ba ta tambayar kuɗin takalmi. Amma duba abin da kowa ke yi da ruwan. Mai Ƙaura ya zaro lema, Mai Sikeli ya raɓe a ƙarƙashinta, Saura Ƙiris ya ce yanzu zai ɗauke, Mai Hoto ya kunna bidiyo. Za a kuma ce akwai waɗanda suka sauko da haƙuri da natsuwa. Akwai su, sai dai da su suka hau. Kowace tawaga tana da tsohuwar nan mai furfura da sanduna biyu, wadda ta tashi tun asuba don ta ƙetare kafin hadari, ba ta sauri ba ta tsayawa, ba ta yi wa kowa wa'azi. Sannu ba ta hana zuwa, ita kam ba ta ma daɗe ba: kafin Ɗan Tsere ya iso masauki ta wanke safa ta shanya. Ba a kwana goma ta koyi wannan ba.

Abin da hawa ya rage na rufin asiri, masauki ke ƙarasawa. Ana cire takalma a bakin ƙofa, a ci abinci a dogon teburi ɗaya, a kwana jere a ɗaki guda da mutanen da ba a ko jin yarensu. Nan Sarkin Minshari ke karɓar mulki, shi ne farkon barci kuma shi ne da safe zai yi ƙorafin bai runtsa ba. Da ya lafa sai Mai Leda ya karɓa tun kafin ketowar alfijir, da fitila a goshi, yana laluben safa ɗaya a cikin ledoji bakwai, yana yi a hankali don kada ya tashi kowa, abin da ya sa ƙarar ke ɗaukar rabin awa maimakon minti biyu.

Mai karatu, in kana shirin wannan tafiya, kama gado tun da watanni domin masaukan kan cika, tanadi abin toshe kunne, ka kuma bar masauki da sassafe. In kuwa ka duba mutanen nan kaf ba ka ga kanka ba, tambayi wanda ya kwana a gadon da ke kusa da naka.