Wayar Yaya Alhaji da Ɓeran Gidanmu

Akwai wani ciwo da ke kama magidanci idan ya ɗan samu, kuma ba a sayar da maganinsa a kemis. Mutum ya sayi amfilifaya mai kyau da sifiku biyu, yana zaune lafiya yana jin Shata, sai wani ya raɗa masa cewa rabin waƙar tana zubewa a hanya, a cikin 'yar wayar nan mai kai ja da kai fari da ke haɗa na'urar faifai da amfilifaya. Daga ranar barci ya ƙaura. Kawunan wayar nan kamfanin RCA na Amurka ne ya fito da su tun wajejen 1940, kuma shekara da shekaru kyauta ake jefo ta cikin kwali, ba mai ko kallonta. Sai a 1979 wani injiniya, Noel Lee, ya kafa Monster Cable a San Faransisko, duniya ta gane ashe waya ma haja ce. Yau akwai wadda mita ɗayanta ya fi kuɗin mota.

Yaya Alhaji, wan matata, ciwon ya daɗe da cin ƙarfinsa. Ana gobe zai tafi Umra ya zo gidana da wani akwatin katako, ya ajiye a kan tebur a hankali, ya buɗe. Waya ce guda biyu kwance a kan ƙyalle mai laushi, kowacce kaurin babban yatsa, an saƙa mata riga baƙa da ratsin shuɗi, kawunan suna walƙiyar zinariya, ga 'yar kibiya a jiki. Na tambayi kuɗinta, ya faɗa ƙasa-ƙasa don kada ƙanwarsa ta ji daga kicin. Ta ji. Na san ta ji, don ludayi ya faɗi.

"Malam, azurfa ce zalla a ciki," in ji shi. "Amma ɗanya ce. Takardarta ta ce sai kiɗa ya bi ta cikinta awa ɗari kafin ta nuna. Ka nunar min da ita kafin in dawo, ka kuma gwada ta da taka, ka faɗa min gaskiya. Kibiyar nan ta kalli amfilifaya, kada ka juya ta."

Awa ɗari na kiɗa, a unguwar da wuta ke leƙowa ta gaishe mu ta wuce! Amma amana amana ce. Na sayi fetur, na tashi janareto, ganga ta yi ta tashi a falo ba kowa, maƙwabta suka fara aiko yara su tambaya ko suna ake yi.

Ranar gwaji na kira abokai biyu, ɗaya malamin makaranta, ɗaya ɗan kasuwa. Muka kashe fanka saboda ƙararta, a watan Afrilu, a Kano. Na sa tsohuwar wayata aka ji, na cire na sa ta Yaya. Kalangu na farko bai gama sauka ba malamin ya ɗaga hannu ya ce wallahi yana jin inda tsinken ke taɓa fata. Ɗan kasuwa ya ce 'yan amshi sun ƙaru da mutum ɗaya. Ni kuwa da aka sa Ɗan Maraya Jos sai na ji kuntigin ya bar sifika ya dawo tsakiyar ɗaki, gab da gwiwata. Gumi na zuba muna gyaɗa kai. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinmu, abin da ke ba ni mamaki ke nan har yau: mun ji abin da muka ce mun ji.

Uwargida ce ta ɓata taron. Ta shigo da zoɓo ta ce, tunda kunnuwanku sun kai haka, ku juya baya, yaronmu Abba ya riƙa sauyawa, ku faɗi wacce ce wacce. Muka juya muna kallon bango. Yaron ya yi ta ƙwanƙwasa bayan na'ura, mu kuma muna yanke hukunci da ƙarfin hali: wannan ta Alhaji ce, ji yadda murya ta buɗe; a'a wannan ta gwanjo ce, sauti ya toshe. Da aka duba takardar da yake rubutawa, sai ga shi inda muka dace da inda muka sha ƙasa kusan kunnen doki. Sau ɗaya ma duk mu ukun muka haɗu a kan cewa ta Alhaji ce, alhali yaron bai taɓa komai ba, ruwa ya tafi sha. Malamin ya ce laifin zafi ne. Ɗan kasuwa ya ce wayar ce ba ta gama nuna ba.

Ba mu ne farau ba, in wannan zai rage kunya. A 2007 James Randi, wani mai rufa-ido da ya shahara wajen tona asirin masu da'awar abin al'ajabi, ya sa dala miliyan ɗaya ga duk wanda zai bambance wata wayar sifika ta dala 7,250 da waya mai sauƙin kuɗi, da kunne kawai, ba tare da ya ga wadda aka sa ba. Aka yi ta cacar baki a kan sharuɗɗa, gwajin bai yiwu ba, kuɗin suka zauna inda suke.

Sai na ci gaba da nunarwa. Wata safiya na kunna, sifikar dama tana waƙa, ta hagu shiru. Na haska tocila a bayan kabad. Ɓera ne. Ya bar tsohuwar wayata da ta shekara goma a wurin, ya zaɓi ta Yaya, ya gutsure ta a tsakiya har zare yana reto. A gidan nan dai ɓera kaɗai ya iya bambance su.

Na naɗe ta a hula na nufi Sabon Gari wurin wani dattijo mai gyaran rediyo, wanda shagonsa ke warin dalma da ƙurar tsoffin talabijin. Ya sa tabarau, ya tsaga rigar da reza, ya tsaga roba, ya sake tsaga wata robar, can ciki ya isa ga wani siririn zare. Ya kankare shi da bakin rezar, farin ya tafi, ja ya fito.

"Ɗana, jan ƙarfe ne aka shafa wa azurfa."

Na ce, "Baba, in da azurfar ce zalla fa?"

Ya ce azurfa ta fi jan ƙarfe saurin wuce da lantarki da kusan kashi shida cikin ɗari, amma a waya mai tsawon mita ɗaya, wadda abin da ke bi ta cikinta bai kai ya kunna ƙwan tocila ba, wannan bambanci sai dai a rubuta shi a kwali. Zinariyar kai kuwa ba don daɗin sauti ba ce, jan ƙarfe ma ya fi ta wucewa da wuta. Amfaninta ba ta tsatsa, kuma wannan amfani ne na gaske a garin da ke da ƙura da damina. Kibiya? Ya yi dariya har tabarau ya zame. Wutar sauti kai-komo take yi, gaba da baya, sau dubbai a daƙiƙa, ba ta san kibiya ba. Sai dai wasu masu ƙerawa kan haɗa ragar da ke kare wayar a kai ɗaya kawai don rage gurnani, nan kibiya ke da dalili. Ya ce abin da ke raba waya mai kyau da marar kyau shi ne ragar nan, da kai mai kama rami gam, da kada ta yi tsawon banza ko ta kwanta kan wayar wuta ta kwaso gurnanin nan na hamsin a daƙiƙa. Na'urar garmaho ce kawai mai tsirfa, ita takan damu da irin wayar da aka ba ta.

Sannan ya dube ni ya tambayi shekaruna. Na faɗa. Ya ce kunnen yaro ne ke kaiwa sautin da ke kaɗawa sau 20,000 a daƙiƙa, ni da ke kwana kusa da janareto in gode wa Allah in ina jin kashi biyu cikin uku na wannan.

Gyara bai yiwu ba, ɓeran ya yi aiki da zuciya ɗaya. Baba ya zare cikin duka biyun don su zama daidai, ya yanko wayar da yake sayarwa a kan gwangwani, ya zura cikin rigar saƙar, ya like kawunan zinariya da dalma. Kuɗin aiki da kaya bai kai na fetur ɗin da na ƙona a yini ɗaya ba.

Yaya ya dawo da dabino da zamzam. Na shirya jawabina tun a hanya, amma kafin in buɗe baki ya karɓe wayar ya haɗa, ya rufe ido. Waƙa ta yi nisa, ya buɗe ido jajur ya ce, "Allahu Akbar. Malam, ta nuna! Ka ji ƙasan gangar nan?"

Na ce, "Yaya, ɓera ya ci ta. Abin da ke ciki yanzu wayar Sabon Gari ce." Na zayyana masa komai, har da reza.

Ya yi shiru, ya sake saurare, ya girgiza kai. Ya ce masu gyaran nan haka suke, sun ga kayan da ba su taɓa gani ba sai hassada. Tsohon bai zare komai ba, tsoratar da ni ya yi don ya ci kuɗina, shi kunnensa ba ya yi masa ƙarya. Na kawo masa guntun zaren a leda, ya ce wannan na wata wayar ce.

Tana nan bayan amfilifayarsa, kibiya na kallon inda aka ce ta kalla, kuma ya yi odar ta sifiku daga kamfanin. Wanda duk Allah ya kai shi falon Yaya Alhaji aka kunna masa Shata, don Allah ya yaba, ya sha shayinsa, kada ya ce a juya baya.