Bulala Ba Ta Samun Wanda Bai Zo Ba

A sakandaren da na yi, wadda ba zan kama sunanta ba saboda har yanzu muna gaisawa da wasu malamanta a wurin ɗaurin aure, takwas saura kwata ake rufe ƙofa. Malamin horo ya tsaya da dorina, firifet biyu a gefensa kamar dogarai. Wanda ya makara da minti biyar, bulala shida da tsallen kwaɗo. Wanda ya makara da awa guda, shidan nan dai. Wanda bai zo ba sam kuwa, yana can gindin mangwaro, jikinsa ko ƙwarzane babu.

Yaran da ake cewa ba su iya lissafi ba, wannan lissafin sun iya shi sarai. Da yaro ya hango dorina daga nesa sai ya yi kwana, ya cusa rigar makaranta a jaka, ya nufi gidan kallo ko kududdufi. Ya baro gida da niyyar karatu, ƙofar makaranta ce ta mayar da shi ɗan fashi. Mu masu tsoron iyaye, da muke daurewa mu ƙaraso, mu ne kurar da ke shan bugu.

Ranar da dubun ɗan fashi ta cika, sai a ce gobe ya zo da fartanya. Laifinsa ya rasa darasin Litinin, don haka zai yini yana nome filin ƙwallo ya rasa na Talata. In ya sake, a ba shi wankin banɗaki, na Laraba ma ya tafi. In abin ya ci tura sai a zartar masa da hukunci mafi girma: dakatarwa ta mako biyu. Yaron da ya sha wahalar tsallake katanga don ya samu hutun yini ɗaya, ga shi an ba shi na kwana goma sha huɗu da takarda da hatimi. Na taɓa ganin wani ya karɓi tasa takardar yana ta matse fuska kada dariya ta ƙwace masa.

Sannan a ce ya zo da ubansa. Uba ya iso yana huci: "Malam, a zane min shi, ba zai zubar min da mutunci ba." Shi ne dai uban da ya ce yaron ya tsare masa shago ranar kasuwa, kuma da damina ta sauka zai ce bokon ta ɗan jira a gama noman fari. Ƙanwar yaron ma tana tasha da farantin gyaɗa a ka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta san da irin wannan uba: karon farko gargaɗi, na biyu tarar naira dubu biyu ko wata guda a gidan yari, na uku dubu biyar ko wata biyu. Dubu biyun yau ko rabin tankin babur ba ta cikawa, kuma ni dai ban taɓa kai wa wani uba abinci kurkuku a kan wannan laifi ba. Fatar yaron ta fi kusa.

A 2016, da gwamnatin Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare, azuzuwa suka cika maƙil ba tare da an karya tsumagiya ko ɗaya ba. Abin da dorina ta kasa, ƙwai da wake suka yi. Sai dai wasu yaran suna suɗe hannu suke kama hanyar gida, domin an cika kwano amma allo wayam, malamin lissafi bai dawo daga banki neman albashi ba.

Kwanaki na ji cewa sarkin 'yan fashin ajinmu, wanda ya san duk wata ɓaraka a katangar makaranta, yanzu shi ne malamin horo a wata makarantar. Na ce lallai sai na gani da idona. Ranar Laraba da hantsi na je, na tarar da yara takwas suna gwale-gwale a rana. Na tambayi firifet ina malam. Ya ce ya leƙa kasuwar awaki, amma ya bar masa dorinar.