Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Na'urar Sanyaya Ɗakina

Ranki ya daɗe, Hajiya Esi,

Ina tambayar lafiyarki, ko da yake ruwan da ke ɗiga daga bakinki yana bin bango har kan kafet ya riga ya ba ni amsa. Dalilin wannan takarda shi ne maganar ƙanƙara. Ɗaki aka sayo ki ki sanyaya, Hajiya, ba kanki ba. Amma ga shi a tsakiyar bazara, zafin Kano ya haura digiri 40, kin tara ƙanƙara a cikinki kin yi gum, mu kuwa muna ƙarƙashinki muna fifita da maficin kaba. Da ƙanƙarar mai sayuwa ce, da na kira masu fiya wata sun kwasa a kula, ko a rage kuɗin wuta.

Na san za ki ce gado ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Kakarku da Willis Carrier ya ƙera a 1902 ba don gumin ɗan Adam aka yi ta ba. Wata maɗaba'a ce a Brooklyn ta Amurka laima ta addabe ta, takarda tana kumbura, launuka suna kaucewa, aka nemi abin da zai tsotse ruwa daga iska. To, tsotsar ruwa sana'ar gidanku ce, ban ja ba. Amma tsarin shi ne ruwan ya taru a jikin bututunki mai sanyi, ya ɗiga a faranti, ya bi tiyo ya fita waje inda kaji za su sha. Ba a ce ki daskarar da shi ki ajiye ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ƙanƙarar ke yaudarar jama'a. Baƙo ya ɗaga murfinki ya ga fari fat, sai ya ce, "Kai, wannan tana da ƙarfi!" Alhali ƙanƙara a jikinki alamar ciwo ce. Gas ɗin da ke yawo a bututunki zafin ɗaki yake ci. Muddin fankarki na turo masa iska mai ɗumi, bututun zai yi sanyi daidai misali, sama da sifiri. Da zarar iskar ta ragu, sanyin ya rasa inda zai je, sai bututun ya faɗi ƙasa da sifiri, raɓar da ke kansa ta daskare. Ƙanƙarar ta ƙara toshe hanyar iska, rashin iska ya ƙara haifar da ƙanƙara, haka har asuba. Ke nan numfashi ne ya gagare ki.

Mai shaƙe ki kuwa, galibi, ragar nan ce guda biyu da ke bayan murfinki. Ƙurar hunturu da ta taso daga Sahara tun Disamba tana nan kwance a kanta, ta haɗu da gashin bargo da hayaƙin turaren wuta na uwargida, ta zama tabarma. Littafin da ake haɗo irinku da shi, wanda ba mai karantawa, yakan ce a wanke ragar kamar duk mako biyu. Aikin ba ya buƙatar injiniya: a zare, a ɗauraye da ruwa, a shanya a inuwa, a mayar. In raga ta fita amma iska ba ta dawo ba, sai a duba siraran ƙarafan da ke bayanta ko sun cushe, a duba doguwar fankar nan ko datti ya yi mata nauyi, ko kafasitarta ta gaji, ko wutar da aka kawo ce ba ta da ƙarfi. Wani gidan ma labule ne ko saman wadirob ya tare miki fuska.

Yanzu bari mu zo kan mutumin nan da kuke ɗasawa, mai gyara. Ba zan kama suna ba, don a kowace unguwa akwai shi. Kafin ya ajiye babur ya riga ya yanke hukunci: "Alhaji, gas ɗinta ne ya ƙare." Hajiya, ke kin san gas ɗinki ba na girki ba ne, ba ƙona shi kike yi ba. A rufe yake, yana zagaye tsakaninki da 'yar uwarki da ke rataye a waje tana shan rana, kuma in ba a taɓa shi ba, zai yi shekara da shekaru yadda yake. In ya ragu, to yoyo ake yi, kuma sau da yawa a wajen notin da ya ɗaure bututun jan ƙarfe ne, inda aka yi ɗaurin gaggawa ranar da aka kafa ki. Ƙara gas ba a toshe ɓular ba, ɗiban ruwa ne a kwando. Bayan wata biyu mai babur zai dawo, da fara'arsa.

Na yarda ƙarancin gas yana kawo ƙanƙara, duk da hankali ba ya son karɓa. In gas ya yi kaɗan, matsinsa a bututu yana raguwa, shi kuwa in matsi ya ragu sai ya fi yin sanyi, har ya wuce sifiri. Masu sana'ar na gaskiya suna da alamar da suke dubawa a jikin ta waje: in siririn bututu ne ya yi fari, a fara zargin gas, in mai kaurin ne, a fara zargin iska. Ba hukuncin alƙali ba ne, sai an sa ma'auni, amma ya isa mutum ya san inda zai sa baki. Sannan a shafa ruwan sabulu a mahaɗan, inda ya yi kumfa nan ɓarawon yake. Kuma a karanta takardar da ke manne a gefenki kafin a ɗura komai: mai R22 daban, mai R410A daban, mai R32 daban, ba a gauraya su. Shi R22 ɗin ma duniya na sallamarsa a hankali a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, saboda illarsa ga sararin samaniya.

Akwai laifin da ba naki ba, adalci ya sa in faɗa. Yaran gidan nan sun ɗauka in aka danna rimot zuwa 16 sanyi zai zo da gudu. Ba ya zuwa. Illa dai kwamfuresa ta kwana tana aiki ba hutu, musamman a daren damina da gari ya riga ya yi sanyi ga laima. An kafa doka: 24, kuma rimot yana ƙarƙashin matashina.

Ita kwamfuresar nan ce abin tsorona. Tururi aka yi ta ta matsa. In ƙanƙara ta hana gas ɗin zama tururi, ya koma mata yana ruwa, to an kama hanyar kashe ta, kuma kuɗin sabuwa ya isa a yi zaman iyali a kansa. Shi ya sa duk ranar da kika sake yin fari, kashe sanyin zan yi, in bar fanka kaɗai tana kaɗawa, in tara roba a ƙasa, ki narke a kan lokacinki. Wuƙa ba za ta kusance ki ba. Maƙwabcinmu ya gwada ɓamɓarar tasa da sukundireba, ya ji "fiiis", yanzu a tsakar gida yake kwana.

Ranar Asabar mai gyara zai zo. Na gaya masa ya taho da ma'auni da sabulu, tukunyar gas kuwa ta tsaya a kan babur sai na ga kumfa da idona. In an wanke ki, an ɗaure notin, kika sake yi mana ƙanƙara, ki sani fankar silin tana nan, kuma ta fara yi mini maganar a dawo da ita bakin aiki.

Wassalam,
Naki, mai biyan kuɗin wuta.